Kwamfuta Ɗaya, Sana'a Biyu: Dalilin da Ya Sa Na Zaɓi Flatpak Don Wasanni a Shagonmu na Waca

Duk wanda ya san shagunan kwamfuta na garuruwanmu ya san babu wanda ke rayuwa da sana'a ɗaya. Da hantsi a buga wa mutane takardu, a kwafi katin shaida, a rubuta wa wani wasiƙar neman aiki. Bayan la'asar, in yara sun taso daga makaranta, allon ya koma filin ƙwallo. Shagon ƙanena a Waca, cikin gundumar Magarya, haka yake tafiya. Kwamfutoci uku ne, duka na hannu da aka sayo a Kano, sai firinta ɗaya da farantan sola a kan rufi. Shi ke zama da jama'a, ni kuma aikina kula da abin da ke cikin injinan duk lokacin da na zo daga Damagaram.

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, injinanmu kuma ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Sayen sababbi ba ya cikin lissafi, don haka muka koma Linux Mint. Ɓangaren takardu bai ba mu wahala ba: LibreOffice na buga wasiƙa, firinta ta amsa. Inda na tsaya na yi dogon tunani shi ne wasanni. Na san da yawansu za su tashi. Abin da ya dame ni shi ne hanyar shigar da su, yadda wasan da yaro ya kunna da yamma ba zai kai hannu ga takardar da dattijo ya bari da safe ba.

Abin da ke kwance cikin faifai

Mai karatu, bari in lissafa maka abin da kwamfutar shago irin namu ke ɗauke da shi. Akwai takardun haihuwa, hotunan katin ɗan ƙasa, takardun sayen gona ko garka da sa hannun shaidu, sakamakon BEPC da na Bak, lissafin mata masu adashi, da lambobin wayar mutane bila adadin. Ba sa cewa a goge in an gama, roƙo ma suke yi a adana. Wani dattijo da aka kwafa wa takardar gonarsa cewa ya yi da ƙanena: "Ɗana, ka ajiye mini ita cikin injin nan. Gara ta taɓa cinye mini ɗaya, ba na so a maimaita." Bai san mene ne Linux ba, kuma ba ya bukatar ya sani. Amana ya bari.

Su kuwa wasannin, a faɗi gaskiya, ba daga kantin intanet ake sayensu da katin banki ba. Daga kile zuwa kile suke yawo, wato abin da 'yan uwanmu na Najeriya ke kira filash. Wani ya kwafo a Damagaram, wani ya samo a Maigatari ranar kasuwa. An fasa makullin wasu, an cusa wa tsohon PES 'yan wasan bana da rigunan bana. Babu wanda zai iya gaya maka hannu nawa suka bi, ko abin da aka ƙara musu a hanya. Ba ina wanke wannan ɗabi'a ba ne, masu wasannin suna da haƙƙinsu. Amma mai kula da inji dole ya yi shiri don abin da yara ke kawowa a aljihu, ko yana so ko ba ya so.

Za ka ji ana cewa Linux ba ya kamuwa da ƙwayar cuta. Maganar na da ɗan tushe, amma ba ta kai inda ake kai ta ba. A Linux, duk manhajar da ka kunna tana da ikon da kake da shi: abin da za ka iya karantawa za ta karanta, abin da za ka iya sharewa za ta share. Wasannin Windows kuma ta Wine suke tashi, ko ta Proton, wanda kamfanin Valve ya gina a kan Wine ya fitar a 2018. Wine tafinta ne: wasa ya yi magana da harshen Windows, shi ya juya wa Linux. Tafinta ba ya tace magana. Masu Wine da kansu sun bayyana cewa ba kariya ba ne, kuma yadda aka saba girka shi akwai wani faifai mai harafin Z da ke nuna wa wasan duk cikin kwamfutar. Ke nan muguwar manhajar da aka rubuta don Windows na iya samun takardunka a Linux in Wine ya fahimci abin da take nema.

Ba ma sai da mugunta ake ɓarna ba. A Janairun 2015 wani mai amfani da Steam a Linux ya kai ƙorafi cewa bayan ya sauya wa foldar Steam wuri, manhajar ta share duk fayilolinsa, har da na faifan ajiya da ke jone da kwamfutar. Layi ɗaya ne ya jawo: an umarci manhajar ta share abin da ke cikin foldar Steam, sunan foldar ya zo fanko, sai umarnin ya koma share komai. Valve ya gyara, amma wanda ya rasa ya rasa. A Yunin 2023 kuma aka gano ƙwayar cutar da aka yi wa laƙabi da fractureiser cikin kayan ƙari na wasan Minecraft da aka ɗora a CurseForge da Bukkit, kuma an ƙera ta don Windows da Linux duka, tana satar bayanan shiga asusun mutane. In babban kamfani zai yi kuskuren da zai share faifai, me za a ce da wasan da ba a san asalinsa ba?

Baƙo a zaure

Dabarar da ake magana a kai Turawa sun ba ta sunan akwatin yashin da yara ke wasa a ciki. Ni shinge nake ce mata, in kuma zan yi wa ƙanena bayani, zaure nake kawo masa. Baƙo ya zo, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo ruwa, a kawo abinci, ya yi abin da ya kawo shi. Ba ya shiga cikin gida. In yana bukatar wani abu daga ciki, yaro ake aikawa ya ɗauko wannan abin kaɗai. Haka manhajar da ke cikin shinge: tana ganin foldarta, tana samun allo da sauti da manet, amma sauran faifan a rufe yake gare ta sai abin da aka miƙa mata.

A Linux hanyoyi huɗu ne na shigar da manhaja da mutum zai ci karo da su, kuma ba duka ke da wannan zaure ba.

Ta farko ita ce ta gado, ƙunshin deb da Mint da Ubuntu da Debian ke amfani da shi. Manhaja na raba kayan haɗi da sauran manhajojin kwamfutar, shi ya sa ba ta da nauyi. In daga rumbun Mint ta fito, an san wanda ya haɗa ta. Sai dai babu shinge bayan ta shiga, kuma lokacin girkawa ƙunshin na aiki da cikakken ikon mai gida. Wanda ya sauko da deb daga shafin da bai sani ba ya miƙa makullin gida gaba ɗaya.

Ta biyu AppImage ce, wadda Simon Peter ya faro tun 2004 da sunan klik. Fayil ɗaya ne tak, da manhajar da kayan haɗinta a ciki. Ka kwafa a kile, ka kai Dungas, ka danna, ta tashi. Ga mutanen da ke auna data da cokali irinmu, babu abin da ya fi wannan daɗi, kuma PCSX2, manhajar da ke kwaikwayon PlayStation 2, masu ita na fitar da ita a wannan siffa. Amma AppImage ba ta da shinge ko kaɗan. Sauƙin da ke sa ta yawo a kile shi ne kuma haɗarinta: fayil ne da kowa zai iya sauyawa ya miƙa wa na gaba, daidai da yadda wasannin Windows ke yawo. Ana iya ɗaure ta da wata manhaja mai suna Firejail, amma aiki ne na hannu da sai an tuna da shi kullum, shago kuwa ba ya tafiya a kan tunawa.

Saura biyu, Snap da Flatpak. Su ne ke da shinge na haƙiƙa, kuma a tsakaninsu zaɓin yake.

Snap

Snap na kamfanin Canonical ne, masu Ubuntu, kuma ya iso kwamfutocin tebur da Ubuntu 16.04 a 2016. Shingensa na dogara da AppArmor, kuma a Ubuntu yana da ƙarfi. A wasu nau'o'in Linux da ba sa tafiya da AppArmor, irin Fedora, shingen ba ya cika. Kanti ɗaya ne ke raba shi, na Canonical, kuma manhajar da ke gudanar da kantin ba a buɗe take ga jama'a ba. Mint ma tun fitowa ta 20, a Yunin 2020, ta toshe shigar Snap sai in mutum ya buɗe da kansa, bayan Ubuntu ya mai da ƙunshin deb na Chromium wata gada da ke girka Snap.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sabuntawa. Snap na duba sababbin fitowa sau huɗu a rana, kuma ya sauko da su da kansa. Ga mai intanet mara iyaka wannan alheri ne, don gyaran tsaro na isowa ba tare da an nema ba. Ga wanda ke jona kwamfuta da salula don ya tura takarda ɗaya, ma'anarsa datar da aka saya don aikin kwana uku na iya tafiya kafin a gama shan shayi. Akwai maganinsa: tun ƙarshen 2022 ana iya dakatar da sabuntawar da umarnin snap refresh --hold, kuma ana iya gaya masa ya ƙyale layin da ake biya da awo. Amma na fi son kayan aikin da ɗabi'arsa ta asali ta dace da aljihuna a kan wanda sai na ɗaure masa hannu.

Game da wasanni, a Janairun 2024 Timothée Besset, ɗaya daga cikin masu aikin Steam na Linux a Valve, ya fito fili ya ce ƙorafe-ƙorafe na ƙaruwa daga masu amfani da Steam ɗin da Canonical ya ƙunsa a Snap. Ya ba da shawarar a yi amfani da deb ɗin Valve, in ba haka ba a duba na Flatpak. Canonical ya ci gaba da gyare-gyare bayan nan, amma maganar ta fito daga masu kayan.

Akwai wani darasi daga kantin Snap da ya shafi kowane shinge. A Mayun 2018 aka gano wasu ƙananan wasanni a kantin, ciki har da 2048buntu, ɗauke da manhajar haƙo kuɗin intanet a ɓoye. Canonical ya cire su. Shingen bai hana su aiki ba, domin ba takardu suke nema ba, ƙarfin injin suke sha. A wurinmu ƙarfin inji batir ne. Yankin Damagaram ya ɗanɗana wannan lissafi tun Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da ke shigowa Nijar, wadda ba ta dawo ba sai Maris 2024. Wanda ke rayuwa a kan sola ya san kowace awa ta dare da rana aka tara ta. Manhajar da ke cin batir a ɓoye ɓarauniya ce ko ba ta taɓa fayil ɗaya ba.

Flatpak

Flatpak aikin Alexander Larsson ne na kamfanin Red Hat. Ya fara da sunan xdg-app, ya koma Flatpak a 2016. Shingensa, wanda ake kira bubblewrap, da kayan cikin zuciyar Linux aka gina shi, don haka yana aiki iri ɗaya a Mint da Debian da Fedora. Babban kantinsa Flathub ne, amma kowa na iya kafa nasa, kuma yadda aka haɗa kowace manhaja a Flathub a rubuce yake a fili ga mai son dubawa. Mint na zuwa da shi a shirye tun 2017.

Abubuwa huɗu suka ja ni gare shi.

Na farko, can masu manhajojin wasa suka taru. Bottles, da ke shirya wa kowane wasan Windows kwalbarsa ta Wine daban, ta Flatpak kaɗai masu shi ke tallafa masa. PCSX2 na can da hannun masu shi. PPSSPP na wasannin PSP, RetroArch na tsofaffin injina, Lutris, Heroic, da wasannin kyauta irin SuperTuxKart da 0 A.D. da Luanti duk suna can. Dalili a fili yake: Steam Deck, injin wasan da Valve ya fitar a Fabrairun 2022, babbar manhajarsa a kulle take, kuma ta Flathub masu shi ke ƙara manhajoji. Duk wanda ke son kayansa su isa hannun masu wannan inji dole ya kula da Flatpak ɗinsa. Mu da ke Waca muna cin albarkacin kasuwar da ba mu ne muka kafa ta ba.

Na biyu, izini a fili yake, kuma ana sauya shi. Wata ƙaramar manhaja mai suna Flatseal na jera maka abin da kowace manhaja ke iya taɓawa: foldoji, intanet, sauti, na'urori. Ka kunna, ka kashe. In manhaja na son buɗe fayil ta hanyar da aka tsara, kwamfutar ce ke buɗe tagar zaɓi, kai ka nuna fayil ɗin, shi kaɗai za a miƙa mata. Wannan shi ne yaron da ake aikawa cikin gida.

Na uku, ana iya yanke wa manhaja ɗaya intanet a bar sauran. Wannan ya fi komai amfani a gare mu. PES ɗin da yara biyu ke bugawa a inji ɗaya ba ya bukatar rezo. PCSX2 ba ya bukata. Na kashe musu a Flatseal. Ko da wani abu na ɓoye cikin wasan, ba shi da hanyar aika abin da ya gani, ba shi da hanyar karɓo umarni, mai haƙo kuɗi ba shi da inda zai kai abin da ya haƙo, kuma datarmu ta huta.

Na huɗu, Flatpak ba ya sabunta kansa. Manhajar sabuntawa ta Mint ce ke yi, kuma ana iya barinta sai an umarce ta. In an tashi yi, abin da ya sauya kaɗai ake saukowa da shi.

Maganar nauyi

Babban aibin da ake faɗa wa Flatpak gaskiya ne: saukowar farko na da nauyi. Manhajojinsa ba sa amfani da kayan haɗin kwamfutarka, da nasu buhun suke zuwa, wanda suke rabawa a tsakaninsu. Buhun da aka fi amfani da shi, na Freedesktop, da direbobin hoto da ke biye da shi, ɗaruruwan mega ne. Sabo na fitowa kowane Agusta, ana kula da kowanne na kimanin shekara biyu, don haka za ka iske iri biyu ko uku a inji ɗaya. Mai katin hoto na Nvidia kuma sai ya sake sauko da direba na Flatpak duk lokacin da na kwamfutar ya sauya. Wanda ya zo girka wasa mai mega hamsin ya ga ana neman ninkinsa sau goma yana da dalilin jin haushi.

Abin da ya warware mini wannan shi ne umarnin flatpak create-usb. Injiniyoyin Endless OS, wani nau'in Linux da aka ƙera don wuraren da intanet ke da wuya, suna cikin waɗanda suka yi aikinsa. Ka girka abin da kake so a kwamfuta ɗaya inda rezo ke da kyau, ka yi wa Flathub rajistar sunan tarinsa, org.flathub.Stable, sannan ka zuba manhajojin da buhunansu a kile. A ɗaya kwamfutar sai ka nuna wa Flatpak kilen da --sideload-repo, ya girka ba tare da intanet ba. Ni a Damagaram nake saukowa, in zo Waca da kile ɗaya in ciyar da inji uku. Abin da ya bambanta wannan da kilen AppImage shi ne sa hannu: kayan na ɗauke da hatimin Flathub, kuma kwamfutar na duba hatimin kafin ta karɓa. In an taɓa su a hanya, za ta ƙi. Al'adarmu ta miƙa kaya hannu da hannu ba ta mutu ba, an dai ƙara mata shaida. Snap ma ana iya sauko da shi da takardar shaidarsa a kai wani inji, a ba shi haƙƙinsa, sai dai da zarar injin ya ga intanet zai koma halinsa in ba a dakatar da shi ba.

Inda shingen ke da ɓaraka

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kalmar shinge a shafin manhaja ba ta nufin babu tsaga. Wanda ya ƙunsa manhajar shi ke rubuta izinin da za ta zo da shi, kuma wasu na zuwa da izinin ganin duk foldar gida, wasu ma duk faifai. Irin wannan baƙo ne da aka ce ya zauna a zaure aka kuma ba shi makullin turaka. Flathub na nuna gargaɗi a kan haka, amma sai an karanta. Duk abin da na girka, Flatseal nake buɗewa kafin in kunna shi, in cire foldar gida, in ba shi folda ɗaya da na sa wa suna Wasanni.

Tsaga ta biyu tsohon tsarin allo ne mai suna X11, wanda Mint ke kai har yanzu a yawancin injina. A ƙarƙashinsa manhajar da ke kunne na iya ganin abin da ake bugawa a wata taga. Sabon tsarin, Wayland, ya toshe wannan, amma kafin ya zama ruwan dare dokar shago ce ke aiki: ba a buɗe asusun kuɗi ko akwatin saƙon wani alhali wasa na kunne.

Saboda haka ban dogara da shinge ɗaya ba. Kowane inji na da asusu biyu. Na takardu na da kalmar sirri da ƙanena kaɗai ya sani, foldarsa a rufe ga kowa. Na wasanni ba shi da ikon girka komai a jikin kwamfutar. Wannan dabara ta girmi Flatpak da shekaru masu yawa, kuma kyauta ce. Mai tambaya zai ce to me ya rage wa Flatpak? Abin da ya rage shi ne ɗan Adam. Ana tsakiyar wasa wani zai shigo da gaggawa a buga masa takarda, a soka kilensa a injin da ke kusa. Saurayi zai buɗe Facebook ɗinsa a asusun wasanni ya manta bai fita ba. Ranar da shinge na farko ya faɗi saboda sauri, na biyu na tsaye. Bayan su kuma akwai faifan ajiya da ake kwafe takardu a kai duk Juma'a, a cire shi, a kai gida. Abin da ba ya jone babu manhajar da za ta share shi.

Abin da yara ke so

Da na gama wannan bayani, ƙanena ya ce: "Yaya, yaran nan fa ba ruwansu da shinge. Dala ashirin suka biya, ƙwallo suke so ta gudu." Gaskiyarsa. In tsaro ya sa wasa na tsinkewa, yara za su koma wani shago, a bar mu da tsaronmu. Abin da ya taimaka shi ne Flatpak ba kwamfuta ce cikin kwamfuta ba. Wasan na gudana kai tsaye a kan injin, ƙofofi kawai aka rufe masa, don haka saurinsa bai ragu yadda ido zai gani ba. Wani lokaci ma direban hoton da ke cikin buhun Flatpak ya fi na kwamfutar sabunta. Ƙananan matsaloli biyu ne ke tasowa. Wasu manet ba sa amsawa sai an girka ƙunshin steam-devices a jikin kwamfutar, domin Flatpak ba shi da ikon taɓa dokokin na'urori. In kuma wasannin na kan faifai na biyu, sai an ba da izinin wannan faifan.

Akwai abin da babu ƙunshin da zai gyara. Tun daga FIFA 23, a 2022, kamfanin EA ya sa wa wasansa na kwamfuta mai gadin hana maguɗi da ke shiga can ƙuryar Windows, kuma ba ya tashi a Linux. Haka Fortnite da Valorant. Mai shagon da abincinsa ke kan waɗannan, ya nemi PlayStation ko ya ware inji ɗaya na Windows da ba a ajiye takardar kowa a ciki. Inji na 2012 kuma ba zai zama na bana ba don an sauya masa manhaja.

Steam ma a wurinmu ba shi ne kan gaba ba. Wasanninsa na kyauta irin Dota 2 da Counter-Strike 2 na son intanet mai ƙarfi da ba ya yankewa, kuma ko ka kawo ƙunshinsa a kile, sai ya sauko da sauran jikinsa a kunnawar farko. Ga wanda ke da inji na kansa a Damagaram ko Kano, wanda daga Steam kaɗai yake sayen wasa, deb ɗin Valve zaɓi ne mai kyau, shi ne wanda kamfanin ke tallafawa. Na Flathub 'yan sa kai ne ke kula da shi, shi ya sa tun Mint 22 ba ya bayyana a kantin manhajoji sai an buɗe ganin waɗanda masu su ba su tabbatar ba. Lissafin mai inji ɗaya da wasa mai asali daban ne da na shagon da yara ashirin ke sokawa kile a rana.

Ga masu shaguna irin namu, daga Magarya zuwa Dungas, daga Matamai zuwa Babura, ba na cewa kowa ya bi abin da na bi. Tambayoyi uku nake so mutum ya yi wa duk hanyar da zai shigar da wasa. Me wannan manhaja ke iya gani a faifaina? Wa ke yanke lokacin da za ta ci datata? In na karɓe ta a kile, da me zan gane ba a taɓa ta ba? A injinanmu, Flatpak ne ya amsa ukun yadda hankalina ya kwanta. Wanda ya samu amsarsu a wata hanya, ya riƙe ta. Wanda kuma bai da lokacin duk wannan, ya fara da abu mafi sauƙi a yau: ya buɗe asusu na biyu don wasanni, ya sa wa na takardu kalmar sirri, ya kwafe takardun mutane a faifan da ba ya kwana a shago. Masu takardun ba za su taɓa tambayarka ko ka yi ba, sun riga sun ɗauka ka yi.